Kofi Mai Jan Zare

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar moɗar nan ba, yadda ta bugi bakin randa ta ce ƙwal, ta gangara tsakar gida. Ƙaramar ƙara ce, irin wadda nake ji sau goma a wuni ban ɗaga kai ba. Amma daga ita komai ya fara.

Lokacin muna zaune a Dawaki, shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, kowane ma'aikaci sai ka gan shi da sabon rediyo ko babur. Aka buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci na matan aure. Da yake ni na yi sakandare (ana nuna ni da baki a unguwa saboda haka, ni kuwa daɗi nake ji), sai aka roƙi maigidana a riƙa yin ajin a tsakar gidanmu bayan la'asar.

Mun yi wata guda sai ga Goggo Dije daga Kagarawal, dattijuwa mai sayar da itace. Ta yi kuturta, ta warke, har da takardar sallama daga asibiti a ƙulle a bakin zaninta, amma ciwon ya tafi da rabin yatsunta. Ta ce ɗanta soja ne, yana aiko mata da wasiƙa, kuma ta gaji da kai wa mai karatu a bakin gidan waya, yana karanta mata sirrinta kowa na ji. So take ta karanta da kanta.

Mata suka fara ja da baya da tabarminsu. Ni kuwa na miƙe na yi musu wa'azi mai kyau: ajin nan na kowa ne, Allah ne ya halicce mu duka, lafiya kuma aro ce. Har ni kaina sai da maganar ta taɓa ni. Mama Rahila, 'yar Tangale, matar wani direba, ita ce ta fara matsawa ta ba ta wuri.

Ana cikin darasi ƙishirwa ta kama Goggo Dije, ta nufi randa. Moɗarmu ba ta da mariƙi, ta suɓuce mata. Ta ɗauka da hannu biyu, ta ɗauraye, ta sha. Ni kuwa mai wa'azi, sai na ce a raina: moɗar da 'ya'yana ke sha da ita ke nan.

Washegari na zaro wani kofin silba mai babban mariƙi, na ɗaura masa jan zare, na ajiye bayan randa. Na kira 'yata Zainabu, shekararta shida, na ce da zarar Goggo ta motsa, ta ruga ta kai mata ruwa a ciki. Ta tambaye ni me ya sa. Don in rufe mata baki, sai na ce duk wanda ya sha da shi yatsunsa za su gutsure (na sani sarai ƙarya ne, a makaranta an koya mana). A zuciyata kuwa na sa wa abin suna girmama babba.

Haka muka yi wata huɗu. Goggo Dije ta fara haɗa baƙi, tana karanta layi guda tana gumi. Sai aka aiko cewa jami'a mai duba azuzuwan mata za ta zo. Na share gida, na ci ado. Da ta iso na kwashe lokaci ina gaya mata yadda a ajina babu bambanci, har ina nuna Goggo Dije kamar wata lambar yabo da na ciwo.

Jami'ar, wata Hajiya, ta ƙi kujera, ta zauna a tabarma kusa da Goggo. Zainabu ta kawo wa Goggo ruwa kamar kullum. Da ta sha, Hajiya ta miƙa hannu ta ce a ba ta sauran. Sai 'yata ta fizge kofin, ta ce da murya tar: "Kar ki sha. Inna ta ce duk wanda ya sha da shi yatsunsa za su gutsure."

 Hajiya ta karɓi kofin ta shanye, ba ta ko kalle ni ba. Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Goggo Dije ta naɗe littafinta, ta yi sallama tun ba a tashi ba.

Kwana uku ba ta zo ba. Kunyar jami'a ta wuce mini da wuri. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne matar nan za ta koma bakin gidan waya saboda ni. A sujada ma maganar nake gani. Rana ta huɗu na nemi izinin maigida, na ja hannun Zainabu muka nufi Kagarawal.

Muka tarar da ita tana shanya gyaɗa. Na durƙusa na fara jero ban haƙurin da na haddace a hanya, sai ta katse ni.

"Malama, tun ranar farko na ga zaren. Yatsu na rasa, ba ido ba."

Ta ce ta ji zafi, ba za ta ɓoye ba, kwana guda ta yi fushi. Sauran kwana biyun kuwa gyaɗa ce ta riƙe ta. Kofin ma, in ji ta, shi kaɗai ne abin da take iya riƙewa da hannu ɗaya a gidana, don haka kada in kuskura in jefar. In dai gyara nake so, in dubi fensirin nan siriri da ke zame mata, wata huɗu tana fama ban taɓa tambaya ba. Ta ɗebo mini ruwa a moɗarta, na shanye tas, na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Ta ce jibi tana tafe.

Ta kuwa zo. Mama Rahila ta naɗe mata fensir da robar tayar keke ya yi kauri, na kwance zaren, moɗa ta koma ɗiban ruwan wanki, kowa ya koma sha da kofin. Kafin kaka ta wuce ta karanta wasiƙar ɗanta ita kaɗai, ta kuma ƙi gaya mana abin da ke ciki.

Na dai koyi cewa kafin ka yi wa mutum gata, tambaye shi me yake buƙata, kuma ƙaryar da ka ajiye wurin yaro a gaban baƙi zai dawo maka da ita. A hanyarmu ta dawowa daga Kagarawal ran nan, da muka kusa gida, sai Zainabu ta ja mini mayafi.

"Inna, to idan wata baƙuwar ta zo, wanne zan faɗa? Wanda kike gaya musu, ko wanda kike gaya mini?"