Keken Ɗinkin Maman Yara Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani tsoro da ya rasa inda zai ajiye shi, tsohon ma'aikacin ɗakin karatu, wanda matarsa ta rasu shekara biyu ke nan, yana sanar da rasuwar keken ɗinkinta. An fitar da marigayin ranar Talata da hantsi. Mutum biyu suka ɗauke shi, ƙafafunsa a sama.

Marigayin ya yi shekara talatin da huɗu a gindin tagar falo, bai taɓa neman hutu ba, balle yabo. Ya ɗinka kayan makarantar yara uku, ya rage tsawon wandunan da aka saya da girman kai, ya buɗa ƙugun da shekaru suka cika. Maganarsa ɗaya ce: kirrr, kirrr, tak, kirrr. Mai sanarwa ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗago kai daga littafi, yana cewa a rage wannan ƙara, mutum na karatu.

Jinyarsa ta soma ne ranar da ƙafar da ke taka shi ta daina. Bel ya bushe ya tsage, tsatsa ta kama allura. Amma ba ciwon ne ajalinsa ba. Babbar 'yar mai sanarwa ce ta zo rage tarkace, da dokarta a baki: duk abin da ya shekara ba a taɓa shi ba, ya fita. Yarinyar tana da tausayi, ba a hana ta. Kafin ta fitar da abu sai ta ɗauke shi hoto da waya, ta ja launukansa a kwamfuta, ta murɗa, ta narkar, har ya zama zanen da bai yi kama da komai ba. Haka aka yi wa agogon bango. Haka aka yi wa fanka. Keken yanzu wasu launuka ne da ke juyi a cikin firam, an rataye su daidai inda yake zama. Kowa ya shigo sai ya ce ya yi kyau. Mai sanarwa ya tsaya gabansa awa guda bai ga ko allura ba. Da ya rufe ido don ya ga wadda ke zama a bayan keken, ita ma launi ya gani.

Marigayin ya bar almakashi, da tef ɗin awo, da gwangwanin maɓallai wanda ke ɓoye a ƙarƙashin gado, da riga ɗaya da aljihunta ya tsaya a rabi. Ya kuma bar tsoho ɗaya, wanda in an bi doka, wa'adinsa ya wuce da shekara guda. Jiya 'yar ta kawo zancen wani ɗaki a gidan mijinta da babu kowa a ciki. Sannan ta ce Baba ya zauna yadda yake a kujerarsa, kada ya motsa, hasken ya yi kyau. Hoto uku ta ɗauka.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a filin masu sayen tsofaffin ƙarafa, inda za a ɗora marigayin a kan sikeli. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su bar wayoyinsu a aljihu. Mai sanarwa zai tsaya kusa da sikelin, ya sunkuya, ya faɗa wa keken abin da bai taɓa faɗa wa mai shi ba: tun da ƙarar nan ta ɗauke, bai ƙara iya gama shafi ɗaya ba.