Riyalin da Na Dirje da Toka

Ba hassada ba ce, Allah shaida. Kawai dai duk unguwarmu ta Jarwal ba a zancen komai sai riyalin azurfar Sani, ƙanin matata, wanda masana suka tantance suka rufe a roba. Na sayi irinsa, shi ma a cikin robarsa, na rantse nawa sai ya fi nasa sheƙi. Na fasa robar, na dirje shi da toka da lemon tsami yadda Inna take wa tukwane.

Da taƙama na miƙa wa dillalin tsofaffin kuɗi a unguwar Tandabawi. Ya dafe kai: "Ya Hajji, robar ce shaidar darajarsa! Yanzu sai dai a auna nauyin azurfa."

Har yau, da an gama cin abinci, Sani zai turo mini tukunya: "Yaya, ga wata, a ƙara mata daraja."