Ƙullin Jirgin Ruwa a Mazagin Wando

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Yaya Sule a Nasarawan Doya ba. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina makarantar kwana. Muna da wani malami, Malam Garba, wanda ya yi aikin jirgin ruwa a Lokoja. Mutumin nan in ya kama igiya sai ka ce hira suke yi. Ya koya mana ƙullin ɗaure jirgi a gaɓa, da na haɗa igiya biyu, da na jefa wa wanda ya faɗa ruwa, da wani na bakin buhu, wanda ja ba ya ƙara masa komai sai ƙarfi. Ni da ko ƙwallo ba na bugawa, a nan na yi fice.

Ranar biki Kawu ya ara mini wandonsa (ni kuwa siriri ne kamar sillen kara). Duk tsorona kada ya zame a gaban mutane. Sai na zaro mazagin, na yi masa ƙullin buhun nan, na ja, na sake ja.

Na sha fura, na bi da kunun zaƙi. Kafin la'asar fitsari ya matse ni. Na zaga bayan gida, na sa farce, na sa tsinke, ƙulli ko gezau. Gumi ya jiƙa shi, ya ƙara kamewa.

Kunya ta hana ni tunkarar maza. Na lallaɓa cikin gida wajen kakata, Iya Abu, na raɗa mata. Na manta kunnenta ya yi nauyi, ba ta magana sai da ƙarfi.

"Me? Wando ya ƙi kwancewa? Ladi, miƙo wuƙar albasa, maigidana ya ɗaure kansa."

Tsakar gida kuwa cike da ƙawayen amarya, Ladin da ta kira tana cikinsu. Iya ta ɗaga rigata, ta tsaya tana juya ƙullin a natse.

"Kai, aikin nan ya yi kyau. Sai ka yi mini irinsa a turken akuyata."

"Iya, don Allah yanke."

Ta yanke. Na fita a guje riƙe da wando, 'yan mata na rangaɗa mini guɗa.

Har yau ina jinjina wa Malam Garba, ƙullinsa bai ci amanata ba. Sai dai tun daga ranar, kafin in ɗaure komai, nakan tambayi kaina ko zan so kwance shi da gaggawa.