Manaja Lafiya-Lau da Bencin Tsallaken Kwata

Idan ana lissafin bayin Allah da aka halitta don su tsare rayukan talakawa, to a fara da Manajan kamfanin katako na bakin babban titi, sannan a huta, a sha ruwa, kafin a ambaci na biyu. Shi da kansa ya sha faɗin haka, kuma wa ya fi mutum sanin kansa? Kamfani ne da injin zarto ke kuka tun safe har yamma, gungumen itace na sauka daga mota, ƙusa a ƙasa kamar an yi shuka. Amma tun da wannan gwarzo ya karɓi ragama, ba a taɓa samun labarin wani ya ji ciwo a wurin ba. Labarin ne dai ba a samu ba.

Ma'aikata sun laƙaba masa Lafiya-Lau, don ko rufin kamfanin ne ya rufta, ka tambaye shi ya aiki, amsar ke nan. Da sunan ya kai kunnensa sai ya ɗauka kirari ne, har ya sa aka rubuta masa shi a ƙofar ofis. Yana da farar hular kwano, ita kaɗai ce a kamfanin kaf. Da hankicinsa yake goge ta, ya kifa ta a ka ya zauna ƙarƙashin fanka, inda babban haɗari shi ne shayi ya zube masa a kwat. Waɗanda ke sauke gungume kuwa, kawunan da Allah ya ba su sun ishe su.

Ga wanda bai san dawan garin ba, akwai wani asusu da doka ta kafa don wanda ya ji rauni a bakin aiki. Masu kamfani ne kaɗai ke zubawa a ciki, ma'aikaci ba a taɓa masa albashi. An raba sana'o'i gwargwadon haɗarinsu, masu zaman ofis su zuba kaɗan, masu wasa da zarto su zuba da yawa. In tsautsayi ya faɗa wa ma'aikaci, Asusun ne zai kai shi asibiti, ya riƙe iyalinsa har ya warke, in ya nakasa ya ba shi diyya, ba sai ya ja maigidansa kotu ba. Hukumar da ke riƙe da shi, rabi masu kamfani ne, rabi wakilan ma'aikata. Sai wata 'yar dabara da aka saka don zaburar da mutane: kamfanin da haɗari ya yi yawa a cikinsa a ƙara masa kaso, wanda ya zauna lafiya a rage masa, har a ba shi lambar yabo.

Masu gajeren tunani sun ɗauka manufar ita ce a yi wa zarto murfi, a sayi safar hannu, a bar mutum ya huta in ido ya fara rufewa. Manaja ba ya cikin masu gajeren tunani. Ya zauna ya yi nazari, ya gano cewa Asusun ba shi da ido a cikin kamfani, kunne kawai gare shi, abin da aka kai masa shi ya sani. Murfin zarto kuwa da tsada. Saboda haka ya sayi baro.

Tsarin ba shi da wuya. Da zarar wani ya yi ƙara, a kashe inji. A tuɓe masa rigar aiki, a ɗora shi a baro, a fita da shi ta ƙofa, a ajiye shi a kan wani dogon benci da ke gindin bishiya a tsallaken kwata. Daga nan ya zama ɗan gari, sai a kira 'yan uwansa. Duk wanda ya tambaya, amsa ɗaya ce: santsin banɗaki ne ya kwashe shi a gida, ya lallaɓo don son aiki, ƙarfinsa ya ƙare a ƙofa. Maigadi kuma na da umarni kada ya bar mai bandeji ko mai ɗingishi ya shigo, don kada ya ɓata wa kamfani kyan gani. Manaja yakan sa a yi atisaye a kan wannan, yana tsaye da usur a baki, in an gama ya ɗora ƙafa ɗaya a kan katako ya yi jawabi.

"Ku buɗe kunne," yakan ce. "Asusun nan tukunya ce. Mu ke zuba hatsi, ku ko ƙwaya ba ku zubawa. To wanda bai zuba ba, ina shi ina yawan miƙa kwano? Duk ciwon da ya kai kunnensu, kason kamfani ya hau. Kaso ya hau, riba ta sauka. Riba ta sauka, wa za a sallama? Ni? Saboda haka ma'aikaci mai kishi ba ya jin ciwo a wurin aiki, daurewa yake yi ya kai gida. Ni ɗin nan da kuke gani, ko kaina ne ya cire a nan, a hannu zan riƙo shi sai na tsallake kwata."

Sai a tafa, don wanda bai tafa ba Manaja na kallonsa.

Likitocin asibitin unguwa har sun fara tsoron banɗakunan wannan yanki. Banɗaki ya karya wa mutum haƙarƙari, suka yarda. Banɗaki ya huda tafin ƙafa da ƙusa, suka ce to. Amma ranar da aka kawo Mai Zarto, dattijon da ya fi kowa daɗewa a kan injin, babu yatsu biyu a hannunsa na dama, ga garin katako har cikin gashin girarsa, likita ya tambaye shi wane irin banɗaki ne wannan mai haƙora. Mai Zarto ya dubi ƙasa ya ce santsi ne. Yana da 'ya'ya a makaranta, kuma an yi masa alkawarin in ya kama bakinsa aikinsa na nan. Matarsa ta sayar da keken ɗinkinta aka sallami asibiti. Da ya warke, Manaja ya dubi hannun ya ce ai ba a ba mai yatsu uku zarto. Cikin karamcinsa sai ya naɗa shi mai tura baro, a kan rabin albashi.

Ana nan sai albishir ya zo. Asusun ya zaɓi kamfanin zakaran zaman lafiya, jami'a za ta taso takanas ta miƙa lamba a gaban ma'aikata. Aka kuma raɗa wa Manaja cewa akwai kujerar da za ta faɗi a hukumar Asusun, kuma ana cigiyar mutum mai tarihi irin nasa. Daga ranar takunsa ya canza. Ya ɗinka sabuwar kwat. Ya fara kiran matarsa uwargidan ɗan hukuma, ita kuma tana cewa Allah ya sa, ba tare da ta ɗago daga wanki ba. Yakan tsaya gaban madubi yana gwada yadda zai karɓi lamba da hannu biyu, kai a ɗan sunkuye irin na masu tawali'u.

Da safiyar ranar aka share garin katako, aka tsince ƙusoshi, aka yayyafa ruwa. Saura ƙusar da za a rataye lambar, can saman ƙofar babbar rumfa. Kafinta ya ɗauko guduma, Manaja ya karɓe ta.

"Wannan ƙusar tarihi ce," ya ce. "Hannun da ya gina tarihin shi zai kafa ta."

Aka jingina masa tsani. Tsohon tsani ne da kafinta ya daɗe yana roƙon a canza, Manaja na cewa tsani ba ya tsufa, mai hawa ne ke ragwanci. Ya hau da hular kwano a ka, ya buga ƙusar ta shiga. Da ya sauko a nan, da an wuce wurin. Amma mutum ya kai ƙololuwa kuma ya sauko ba a gan shi ba? Ya juyo ya ɗaga guduma sama don jama'a su more kallo. Katakon da ya taka ya ce ƙaras, Manaja ya taho gaba ɗaya a kan tarin katako. Hular kwano ta gangara gefe lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ƙugun Manaja ne bai sa hula ba.

A nan horo ya nuna kansa. Ba wanda ya jira usur. Aka kashe inji, mutum biyu suka zare sabuwar kwat, na uku ya tuɓe riga, baro ya iso.

"Ku dakata, ni ne fa," in ji Manaja. "Ni ne."

Amma a duk atisayen da aka yi, ba a taɓa koya musu ban da wane ba. Suka ɗora shi. Mai Zarto ya kama baro da yatsunsa uku, ya tura cikin ladabi, duk ramin da ke hanya sai da taya ta gaishe shi.

"Yi haƙuri, Yallaɓai," ya ce. "Daure, mun kusa tsallake kwata."

Wanzami dai ba ya son jarfa. Ana ajiye shi a benci, daga shi sai singileti, gumi na zuba, sai ga mota ta tsaya. Mai Kamfani ya fito, jami'ar Asusun na biye da shi rungume da lambar, an naɗe ta a takarda. Kafin ta buɗe baki, ma'aikata suka haɗa murya kamar 'yan aji: santsin banɗaki ne ya kwashe shi a gida, ya lallaɓo don son aiki, ƙarfinsa ya ƙare a ƙofa.

Jami'ar ba yau ta fara ganin benci ba. Ta dubi garin katakon da ke manne a wandonsa, ta sunkuya daidai kansa.

"Malam, da kai nake. In a bakin aiki ka faɗi, gaya mini yanzu. Kai ma ma'aikaci ne, an zuba maka. Motar asibiti za ta zo, likitan ƙashi zai yi maka aiki, Asusu zai riƙe gidanka har ka taka. Lambar ce kawai zan koma da ita, sannan mu dawo mu duba yadda ake aiki a nan."

Manaja ya fi kowa sanin gaskiya take faɗa, don shekaru ya yi yana hana mutane wannan alheri. Ƙugunsa na ci kamar an zuba garwashi, kuma a karon farko ya ji tsoro na gaske, tsoron kada ya kasa sake takawa. Ya dubi Mai Kamfani, fuskar nan a rufe kamar ƙofar sito. Ya dubi ma'aikatan da ya yi wa alkawarin riƙo kansa a hannu. Sai iska ta ɗaga gefen takardar, lambar ta ɗan ƙyalla masa. Ya tuna kujerar hukuma, ya tuna madubi. Ya gyara murya, ya ɗaga haɓa gwargwadon yadda mai singileti zai iya.

"Malama," ya ce, "a kamfanina ba a jin ciwo. Banɗaki ne."

Aka tafa masa.

Daga kan bencin ya riƙa jiyo bikin, yana jiran ƙanin matarsa ya zo da mota. Aka aro tsani mai kyau a maƙwabta, aka rataye lambar a kan ƙusar da ya kafa. Ƙusar ta riƙe sosai, a ba shi wannan. Sunan kamfani da na Mai Kamfani ne a jiki, ba a samu wurin sa na uku ba.

Asibiti ba ya karɓar kishi. Aka sayar da motar Manaja, sabuwar kwat ta bi ta, aka yi aikin da aljihu ya iya, ƙafa ɗaya ta fito ta fi 'yar uwarta gajarta. Kujerar hukuma kuwa Mai Kamfani ya zauna a kai, ya aiko da gaisuwa da kwalin madara, tare da saƙon cewa kamfani ba zai iya jiran wanda ya faɗi a gidansa ba, ya ba ɗan ƙanwarsa riƙon muƙamin manaja. Matar Manaja ma ba ta tsira ba.

"Maigida, da bakinka fa ka ce banɗaki," ta ce tana shafa masa magani. "Ni kullum sai na wanke shi. Yanzu ga danginka can suna cewa ƙazantata ce ta karya ka."

Da ya fara takawa da sanda, ya sa tsohuwar kwat ya nufi kamfani don ya tuna wa Mai Kamfani sadaukarwarsa. Maigadi ya gaishe shi har ƙasa, sannan ya tare ƙofa.

"Ranka ya daɗe, mai ɗingishi ba ya shiga. Umarninka ne, ba a soke ba."

Ƙafa ta gaji, ba wurin zama sai ɗaya. Ya tsallake kwata da ƙyar ya zauna. Daga nan yana hango lambar tana ƙyalli a saman rumfa, yana kuma hango farar hular kwano tana yawo a kan wani. Bai daɗe ba ya ji inji ya mutu, ƙofa ta buɗe, Mai Zarto ya turo baro. A ciki wani sabon ma'aikaci ne, magidanci, cikin singileti, ya naɗe hannu da tsumma, jini na ɗiga.

"Yallaɓai, ɗan matsa," in ji Mai Zarto.

Manaja ya matsa. Sabon ma'aikacin bai taɓa ganinsa ba. Ya dubi sandar, ya dubi ƙafar, ya cije leɓe ya ce, "Sannu, Baba. Kai ma banɗaki ne?"

Manaja ya dubi ƙasa.

"Santsi ne," ya ce.