Yadda Za Ka Sa Kaskon Surukinka Ya Karye a Hannun Wani

Ka ɓalle mariƙin kaskon turaren surukinka, na tagulla mai adon shuɗi, wanda yake rantsuwa daga fadar sarakunan dauri ya fito? Kwantar da hankalinka. Shekara talatin ina dillancin tsofaffin kaya a Beijing, kuma na ba ka tabbacin laifin nan zai koma kan wani.

1. Liƙa shi

Gam kaɗan, na araha. So kake ya riƙe zuwa Lahadi kawai, ranar da tsohon ke fito da shi yana cika wa baƙi baki.

2. San doka

A sana'armu ba a miƙa kaya hannu da hannu. Kai ka ajiye a tebur, shi ya ɗauka, don in ya faɗi a san mai laifi. Wannan dokar za ka taka, fuskarka a sake.

3. Guji 'yan kasuwa

Na gwada Tsoho Meng, maƙwabcin rumfata. Sai ya maida hannuwansa baya.

"Ajiye a tebur, ɗan nema. Jiya aka haife ni?"

Kar ka ɓata lokaci. Kar-ta-san-kar ne.

4. Nemo wanda ya yarda da kai

Makashinka yana gindinka, in ji masu magana, to kai ne na wani. Ni Geng na gayyato, abokina tun muna yara, malamin makaranta, bai san komai a tagulla ba.

5. Saki

A gaban surukin, juya wa abokin ɓangaren gam.

"Riƙe min, Geng, in zuba wa Baba shayi."

Yana kamawa, saki. Ƙarar faɗuwar ma ta ishi shaida.

6. Roƙa masa gafara

"Baba, a yi masa afuwa, alli kawai hannunsa ya sani."

Nan ne za a yabi kirkinka. Ni har cinyar agwagwa aka ƙara min.

Gargaɗi

Marubucin ba ya ɗaukar alhakin abin da zai biyo baya. Geng ya ɗauki mariƙin, ya ga busasshen gam, ya dube ni. Sai ya sunkuya ya ce, "Baba, laifina ne."

Shekara goma sha ɗaya ke nan, in mun haɗu yana gaishe ni da ladabi kamar baƙo. Abin yana ci min rai, kuma ba ni da mataki na bakwai.