Kan Mujiya a Rumfar Tsoho

"Ina gajiya kuma, angona?"

"Ba gajiya. Wa nake ji kamar matar nan da ta yi yaji ta manta hanyar gida?"

Tsohon kafinta ne, ya daɗe da ajiye aiki. Tun da matarsa ta rasu, yaransa kuma kowa ya kama gabansa, wuni yake yi a rumfar bayan gida tsakanin zarto da gizago, yana musu da rediyo. Kujeru biyu ne a rumfar. A ɗaya yake zama, ɗayar kuma ta marigayiyar ce, kullum sai ya goge ta. Wadda ta shigo jikarsa ce, mai haɗa wa masu shirya fim kayan wasa, irin su takubban ƙarya da duwatsun da ba su da nauyi. Tana son kakanta, amma ganinta sai an taki sa'a.

"Yajin me zan yi? Ni na isa in bar miji mai haƙori uku?"

"Huɗu ne, ki ƙirga da kyau. Faɗi abin da ya kawo ki, banza ba ta kai zomo kasuwa."

Ta zauna a kan buhun dusar katako, ta miƙa masa waya.

"Ka ga sandar nan mai kan mujiya? Ta wani tsohon fim ce, za a yi ci gabansa, ita kuma ta ɓata. An ce in yi irinta sak. Na ce ina da mai irin fuskar a gida, ba sai na wahala ba."

"Ai kuwa kin gaji idanun, amarya. Da madubi kika saya da kin huta da tafiya." Ya nesanta wayar da fuskarsa, ya ƙura mata ido. "Wannan aikin katako ne. Ina da wani icce a ɗaki, ya girmi ubanki. A fere shi sannu a hankali, a bi da samfefa, a shafa mai, a jira, a sake shafawa."

"Katako? Tsoho, da sandar nan ake maka wa jarumin fim a ka! So kake a ɗauke shi ranga-ranga?"

"In kansa ba ya ɗaukar icce, wa ya ce masa jarumi? Ni nan ƙofa ta taɓa faɗo mini a ka, ƙofar aka kai gyara."

"Shi ya sa har yau maganarka ba ta rufuwa. Soso zan yi da shi. Aron wuƙarka kawai na zo, kafin la'asar na yanka, na shafa fenti, na kama hanya."

Tsoho ya kai hannu ya murɗa rediyo, ya sake kashewa.

"Kafin la'asar," ya ce.

"Ƙwarai."

"Soso ai na katifa ne. Mujiyar soso ko ɓera ba zai ji tsoronta ba. A yi da yumɓu mana. A cuɗa, a bar shi ya kwana, a gina, a jira ya sha iska."

"Ya faɗi ya fashe."

"To siminti."

"Inna lillahi! Kai da jarumin nan akwai tsohuwar gaba ne?"

"Ban san shi ba. Na dai san sauri ya haifi nawa. Ku yaran yanzu komai sai a tsaitsaye, gaisuwa ma a tsaye."

Ta buɗe baki za ta rama, sai ta fasa. Katako, yumɓu, siminti, duk abin da ya ambata ba mai ƙarewa a wuni ɗaya. Ta dubi kujerar kakarta tana sheƙi, ba ƙura ko ɗaya, alhali gizago har ya yi tsatsa.

"Tsoho, jaridun nan da ka tara a ɗaki har rufi, suna nan?"

"Ilimi ne, ba ki san darajarsa ba."

"Yau ilimi zai yi amfani. Zan lanƙwasa wayar ƙarfe in fitar da siffar kan, in yayyaga jarida in jiƙa da gam, in riƙa liƙawa. Ba nauyi, ko jariri aka buga wa dariya zai yi. Matsalarsa ɗaya. In ka yi shafi ɗaya sai ya bushe ƙayau kafin ka ɗora wani. Kuma ba a sa shi a rana, tsagewa yake. Sai inuwa."

Tsoho ya ɗaga kai ya dubi rufin rumfarsa.

"Inuwa irin wace?"

"Irin wannan dai, tunda ba ni da wata. Yau shafi, gobe shafi, jibi shafi. Mujiya kuma ka san ta da ƙaton kai."

"Masu fim ɗin fa? Ba za su ce kin yi nawa ba?"

"Sai wata ya kama za su fara ɗauka. Ai sannu ba ta hana zuwa."

"Wato kullum zan riƙa ganin wannan fuskar? Wane laifi na yi wa Allah?"

"Haƙuri za ka yi, kai ka auro."

"Takarda da gam," ya ce yana girgiza kai. "Jikar kafinta! Da a ce katako na da baki da ya tsine miki." Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda rumfar ta daɗe ba ta ji ba, har da tari. "Na sallama. Ki yi da takardarki. Amma kan nan a ƙara masa girma, na hoton ya yi ƙanƙanta."

Ya miƙe da ƙyar, ya kama kujerar nan ta biyu, ya jawo ta har gaban teburin aiki.

"Tashi daga kan buhu, amarya. Zauna nan. In kika ɗiga mata gam, a bakin aurenki."