Ranar da Kwamfutata ta Kira Magariba

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a goman tsakiya na azumin bara waccan ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, akwai mutum goma sha takwas a garin Kaduna da suka ɗauki nauyin tuna min ba tare da na roƙe su ba.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin kamfanin jigilar kaya a Doka. Aikina bai wuce buga takardun lodi da amsa waya ba, amma da yake ni kaɗai na san inda ake kunna kwamfuta da inda ake kashe ta, sai direbobi suka laƙaba min Injiniya. (Karatun sakatare na yi, amma ban taɓa gyara musu ba. Wa zai mayar da digirin da bai zauna jarabawarsa ba?)

Ana nan sai Allah ya haɗa ni da wijet. Ga wanda bai san su ba, wasu 'yan ƙananan manhajoji ne da ake saukewa kyauta a liƙa a fuskar kwamfuta, kowanne yana ta aikinsa a gabanka ba sai ka buɗe komai ba. Kuma tsakani da Allah suna da amfani. Akwai 'yar takarda rawaya da nake rubuta motar da za ta tashi gobe, akwai kalanda mai nuna watan Musulunci da na Bature gefe da gefe, ga kalkuleta a kusurwa. Mutum mai hankali da nan zai tsaya. Ni kuwa da na ji an ce kyauta ne, sai na buɗe buhu. Na sa agogo huɗu, na Kaduna da na Makka da na Dubai da na Tokiyo (ba ni da ko maƙiyi a Tokiyo). Na sa mai nuna yanayin gari, na sa mai auna zafin injin kwamfutar, na sa wani da ke tuna min in sha ruwa duk bayan awa ɗaya, wanda ko da azumi ya kama bai ji kunyar ci gaba da aikinsa ba. Fuskar kwamfutar ta cika kamar gilashin bas a tashar Kawo, sai na matsar da wani kifin ado mai iyo a kanta kafin in ga takardar da nake bugawa.

Amma wanda na fi taƙama da shi shi ne na lokutan salla. Lokaci na yi zai saki kiran salla da wata murya mai daɗi, ni kuma na haɗa masa sifika don kada wani ya ce bai san akwai Injiniya a gidan ba.

Kafin zuwan wannan ci gaba, Baba Garba ne agogon kamfanin. Tsohon direba ne, mutumin Zamfara, da ido ya yi rauni Alhaji mai kamfanin ya mayar da shi sito. Shi zai fita ya dubi inuwa, ya dubi wani tsohon agogon hannu da gilashinsa ya tsage, ya ce a yi alwala. Cikin mako biyu na karɓe masa wannan sarauta. Baba yana da gyambon ciki. Likita ya ce ya bar azumi ya ciyar, ya ce shi bai ji ba. Kullum bayan la'asar za ka same shi kwance kan buhuna ya dafe ciki, yana ƙirga kwanakin da ya kai da yatsu. Kowa a kamfanin ya san abin da yini guda yake ci masa.

To, ran Larabar nan Alhaji ya shirya buɗa-baki na ma'aikata, har ya gayyato limamin garinsu daga Rigachikun. Bayan la'asar ya leƙo ofishina ya tambaya ko na'urata za ta iya gaya masa zafin da ake yi a Maiduguri, don akwai motar alawa da za ta tashi can kuma yana tsoron ta isa ta zama kunu. Tambayar da nake jira ke nan tun da aka haife ni. Na goge Kaduna na rubuta Maiduguri, yanayin ya fito, na karanta masa har da saurin iska da bai tambaya ba. Ya gyaɗa kai ya ce lallai ilimi ya yi, ya fita. Na zauna ina murmushi ni kaɗai kamar an ba ni kujerar Makka.

Abin da ban yi ba shi ne mayar da Kaduna. Wijet ɗin yanayi da na salla daga gida ɗaya na sauke su, gari ɗaya suke bi, in ka canja wa ɗaya ka canja wa ɗayan. Na san haka sarai, ni na ma taɓa yi wa wani direba lacca a kai. Kuma kowa ya san Maiduguri na gabas da mu, rana na riga faɗuwa can da minti ashirin da 'yan kai.

An shimfiɗa tabarmi a babban ɗakin ciki, wanda ba shi da taga ko ɗaya. Aka rufe ƙofa saboda sabuwar na'urar sanyaya ɗaki da Alhaji ke so liman ya ji a jikinsa, janareto kuma yana ta ruri a baya, ko bindiga aka harba a masallacin unguwa ba mai ji. Ni na kawo shawarar kada kowa ya damu. Na ɗauko kwamfutar da sifikarta na girke a kan tebur, na juyo fuskarta wajen jama'a don kowa ya ga agogon Tokiyo.

Aka jera dabino da kankana, kunun gyaɗa a manyan kofuna, ƙosai yana tururi, ga farfesun kayan ciki da matar Alhaji ta aiko. Maza goma sha tara, har da ni, kowa ya yi shiru irin shirun da yunwa kaɗai ke iya sa direba. Sai kwamfutata ta ce Allahu akbar.

Hannaye suka miƙa. Liman ya ɗan leƙa wayarsa, ya ce cikin ladabi kamar jiya ba da wuri haka suka sha ruwa a Rigachikun ba. Nan ne na yi maganar da har yau in na tuna ta sai na ja bargo na rufe fuska.

"Allah gafarta Malam, ai Rigachikun daban, cikin gari daban. Wannan da tauraron ɗan'adam yake aiki."

(Rigachikun fa. Garin da in babu cunkoso a Kawo, kafin shayinka ya huce ka isa.) Liman baƙo ne, mai kunya, ga tauraron ɗan'adam an ambata. Ya yi bisimilla ya kai dabino baki, jama'a suka bi.

Mutum ɗaya ne bai miƙa hannu ba. Baba Garba ya kanga agogonsa kusa da ido, ya girgiza kai.

"Ɗana, rana ba ta hwaɗi ba. Da saura."

Na yi dariya, irin ta mai ilimi in ya ji tausayin jahili. Na ce masa agogon nan nasa tun zamanin da ake tafiya Legas a jirgin ƙasa yake, ya kamata a bar shi ya huta. Direbobi suka yi dariya da ƙosai a baki. Sannan na ɗauki kofin kunu da hannuna, na durƙusa, na sa masa a nasa hannun, na ce ya taimaki cikinsa ya daina wahalar da kansa a banza. Ya dube ni, ya dubi liman da ke tauna, ya kai kofin baki. Ya shanye rabi bai sauke ba.

Mun yi nisa sosai. Ni dai na ga bayan ƙosai shida, ina cikin yi wa Alhaji bayanin yadda tauraron ke hango rana daga sama, sai aka turo ƙofa. Sani ne, direban da aka aika Kawo sayo ƙanƙara, cunkoso ya riƙe shi. Ya tsaya a bakin ƙofa da buhun ƙanƙara a kafaɗa yana ɗiga, ta bayansa kuma hasken rana ja wur ya shigo ya kwanta a bango, daidai saman hular Alhaji. Ya dubi bakunanmu masu maiƙo ɗaya bayan ɗaya.

"Alhaji, an ga wata ne ba a gaya min ba?"

Wani ya tsaya da tauna, wani ya rasa ko ya haɗiye ko ya tofar. Kai goma sha takwas suka juyo wajena a tare. Na ce watakila sabis ne ya ɗan yi rauni (ban san me sabis ya taɓa yi wa rana ba). Alhaji ya tashi, ya sa tabarau, ya sunkuya gaban kwamfutar. A saman wijet ɗin, da manyan baƙaƙe da ni kaina na ƙara wa girma don a riƙa gani daga nesa, an rubuta sunan garin. Ya karanta shi a hankali, gaɓa gaɓa, sannan ya cire tabarau ya tambaye ni, cikin murya mai sanyi, yaushe kamfaninsa ya ƙaura Barno ba a sanar da shi ba.

Liman ya goge baki ya yanke hukunci. Babu kaffara tunda kuskure ne, amma azumin yau ya tafi, kowa zai rama bayan salla. Kuma yanzu kowa ya kame bakinsa har rana ta faɗi da gaske.

Ban taɓa ganin mintoci masu tsawo irin waɗannan ba. Maza zaune sun kewaye farfesu, cikin ya buɗe an kuma ce ya rufe, ba mai kallon abinci, ni ake kallo. Aka kashe janareto don a ji masallaci. A cikin wannan shiru ne wijet ɗin nan mai biyayya, mai tuna min in sha ruwa duk awa ɗaya, ya yi ƙara, ya rubuto cewa lokacin shan ruwa ya yi. Sani ne kaɗai ya yi dariya, shi da azuminsa ke nan daram. Da ladanin unguwa ya kira, sai da Alhaji ya tura mutum biyu waje suka dawo da shaida kafin kowa ya taɓa dabino.

Tsiyar direbobi ban damu da ita ba sosai. Sun sauya min suna zuwa Ladanin Barno, in na shigo da safe a tambaye ni ƙarfe nawa yanzu a wajenmu. Wannan na ci, na cancanta. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne Litinin ɗin da Alhaji ya sa bayan salla don a rama tare. Kowa a gari yana ci yana sha, mai shayi na ƙofar kamfani yana ta soya ƙwai. Da yamma na shiga sito na tarar da Baba Garba a kan buhunansa, ya naɗe kamar tabarma, gumi na bin wuyansa. Ya kai talatin ɗinsa da kyar, ya yi salla yana murna ya gama, ni na ƙara masa na talatin da ɗaya da hannuna. Kunya ta kama ni irin wadda babu dariya a cikinta. Na tsuguna na ce ya yafe min, na ce da ana karɓa da na yi masa nawa da nasa.

Ya buɗe ido ya dube ni. Sannan ya ce, "Na yahe, ɗana. Amma in kana son lada, tashi ka tai waje ka tsaya. In ta hwaɗi ka zo ka hwaɗa min, da idonka."

Haka na fita na tsaya bakin titi, Injiniya guda, na ɗaga kai ina gadin rana kusan awa ɗaya, masu Keke Napep na tsayawa suna tambaya ko jirgi ne zai faɗo. Da ta ɓace na ƙara minti biyar don tsoro, sannan na kai masa labari da kofin kunu.

Har yau ina amfani da wijet, guda uku, kuma ina ba mutane shawara su sauke, don suna da amfani. Sai dai na daina cewa kyauta ne. Nawa dai na san wanda ya biya, wani tsoho ne mai ciwon ciki, kuma yini guda cur aka caje shi.